Ƴancin Kora, Ƴancin Wa?

Ranar 29 ga watan Nuwamba na shekarar 2012, ma'aikata wajen 200 na gidajen sayar da abincin gaggawa a birnin Niyok suka ajiye aiki suka fito titi. Masu tuyar dankali ne da masu gasa nama da masu shara da masu karɓar kuɗi, daga McDonald's da Burger King da Wendy's da KFC. Abu biyu suka nema: dala 15 a kowace awa (dalar Amurka ake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba), da damar kafa sandika ba tare da an sallame su ba. A watan Afrilu na 2015 yajin ya kai birane sama da 200.

Tun daga wancan lokaci amsa guda masu kare iyayen gida suke maimaitawa, kuma ita ce nake so mu tattauna. Cewa suke yi: aiki yarjejeniya ce tsakanin ƴantattu biyu. Ma'aikaci yana da ikon tafiyarsa ran da ya ga dama, ubangida kuma yana da ikon sallamarsa ran da ya ga dama. Wanda albashi bai yi masa ba, ga ƙofa. Wanda ya bar tukunya a kan wuta ya tafi zanga-zanga, kada ya yi kuka in ya dawo ya tarar da wani a gurbinsa. Maganar tana da daɗin ji, domin ta yi kama da adalci. Ni kuwa na ce ƙarya ce aka yi wa rawani.

Mu fara da asalin wannan iko. Ba daga sama ya faɗo ba, kuma ba majalisa ce ta zauna ta kafa shi ba. A shekarar 1877 wani lauya mai suna Horace Wood ya wallafa littafi a kan dokar ubangida da bara, inda ya ce duk aikin da ba a yanka wa wa'adi ba, kowane ɓangare na iya kawo ƙarshensa a duk sa'ad da ya so. Alƙalai suka ɗauka suka riƙe. A 1884 kotun ƙoli ta jahar Tenesi ta yanke wata shari'a da ta kamata kowane malami ya sani. Wani kamfanin jirgin ƙasa ya ba da sanarwa cewa duk ma'aikacinsa da ya yi sayayya a kantin wani ɗan kasuwa mai suna Payne, a bakin aikinsa. Payne ya kai ƙara, ya sha kaye. Kotun ta ce ubangida na iya kora da kyakkyawan dalili, ko ba dalili, kai ko da dalilin da ya saɓa wa kyawawan ɗabi'u. A dubi abin da aka halatta a nan: mai biyanka albashi shi zai zaɓa maka inda za ka sayi gishiri. Wannan ƙa'ida ita ce tushen dokar aiki a jahohin Amurka har yau, in ban da Montana, wadda tun 1987 ta wajabta dalili kafin kora ga wanda ya wuce lokacin gwaji.

To, ina daidaiton? Ran da mai tuyar dankali ta bar aiki, kamfani ya yi asarar hannu biyu, kafin la'asar ya samu wasu. Ran da kamfani ya sallame ta, ita ta yi asarar kuɗin haya da na abincin ƴaƴa. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, kuma bai motsa ba tun watan Yuli na 2009. Wanda ya yi awa 40 kowane mako, shekara cur ba hutu, zai tashi da dala 15,080. Mutumin da ke kan wannan albashi ba shi da ajiyar da zai zauna a kanta yana zaɓen ubangida. A ce ƴancinsa da na kamfani ɗaya ne, kamar a ce kura da akuya kowacce na da damar cin ƴar'uwarta.

Za a ce mini ai doka ta hana korar mai yajin aiki. Gaskiya ne, kuma masu cewa ubangida na da cikakken iko ya kori duk wanda ya fita zanga-zanga, ko dai ba su san dokar ƙasarsu ba, ko suna so a manta da ita. Dokar ƙwadago ta 1935 ta kare ma'aikatan da suka haɗa kai don neman gyaran albashi, ko suna da sandika ko ba su da ita. Amma shekara uku kacal bayan haka, a 1938, kotun ƙolin ƙasar ta ce a shari'ar kamfanin Mackay Radio, ubangida na iya ɗaukar wasu su maye gurbin masu yajin neman albashi, maye na dindindin. Ba a kore ka ba, an dai ba wani kujerarka! An ba ka da dama, an karɓe da hagu.

Ko wannan ma ba shi ne babban rami ba. Inda ba a bukatar dalili, wa zai tabbatar da cewa saboda yajin aka kore shi? Ubangida mai wayo ba ya kora washegarin zanga-zanga. Sai ya bari mako uku su wuce, ya rage maka awoyi, ya mai da kai aikin dare, sannan ya tuna ka taɓa makara da minti biyar. In ka kai ƙara hukumar ƙwadago ta tarayya, shari'a na iya cin watanni ko shekaru. In ka yi nasara, a mai da kai bakin aiki, a biya ka albashin da ka rasa, bayan an cire abin da ka samu a wani wuri cikin wannan tsakani. Tara ta horo babu. Ihu bayan hari ke nan, domin abokan aikinka sun riga sun ga abin da ya same ka, kowa ya kama bakinsa. Kora ɗaya ta isa ta rufe baki hamsin, kuma da wannan shirun ake riƙe albashi a ƙasa.

Sai batun cewa ƙarin albashi zai kashe ayyuka. Masana tattalin arziki na ta jayayya a kansa, amma ba a yi musu wahayi ba. A 1992 jahar New Jersey ta ɗaga albashi daga dala 4.25 zuwa 5.05, David Card da Alan Krueger suka bi gidajen abincin gaggawa 410 a can da maƙwabciyarta Pensilbaniya, ba su ga ayyuka sun ragu ba. Card ya samu kyautar Nobel a 2021. Kuma masu kukan kada gwamnati ta sa baki cikin kasuwa, me ya sa ba sa kuka in gwamnati ta cika musu tukunya? Wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2013 ya nuna kashi 52 cikin 100 na iyalan waɗannan ma'aikata suna dogaro da tallafin gwamnati, abin da ke cin kusan dala miliyar 7 a shekara. Wato mai biyan haraji ne ke cika abin da kamfani ya ƙi biya.

Neman dalili kafin kora ba baƙon abu ba ne a duniya. Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, a kan haka ta tsaya. Nijar ta rattaba mata hannu a 1985, ko da yake mun san yawancin masu aiki a ƙasarmu ba su taɓa ganin takardar kwantiragi ba, balle dalilin kora a rubuce. Amurka kuwa ba ta amince da ita ba. A Faransa, da gwamnati ta kawo kwantiragin CPE a 2006, wanda ya ba da damar sallamar matashi ɗan ƙasa da shekara 26 ba dalili cikin shekara biyu na farko, ɗalibai suka cika tituna har aka janye shi.

Masu tuyar dankalin da aka yi wa dariya a 2012 sun ci rabin yaƙinsu. A 2016 jahohin Niyok da Kalifoniya suka kafa dokokin kai albashi dala 15 sannu a hankali, kuma daga 1 ga Afrilu 2024 Kalifoniya ta kai na ma'aikatan manyan gidajen abincin gaggawa dala 20. Sandikar da suka nema kuwa, yawancin gidajen ba su da ita har yanzu. Amma a ganina nasarar da ta fi nauyi ita ce wadda ba a cika ambato ba. Tun watan Yuli na 2021, a birnin Niyok, gidan abincin da kamfaninsa ke da rassa 30 ko fiye a faɗin ƙasar ba ya iya korar ma'aikacin da ya wuce gwajin kwana 30 sai da dalili, kuma sai an rubuta masa dalilin cikin kwana 5. Rage masa awoyi da kashi 15 cikin 100 ma kora ce a idon wannan doka. Ƙungiyoyin masu gidajen abinci suka garzaya kotu don a soke ta. Suka faɗi a 2022, suka ɗaukaka ƙara, suka sake faɗuwa a watan Janairu na 2024. Me ake nema a gare su har suka yi shekaru suna biyan lauyoyi? Su faɗi abin da ya sa suka kori mutum, su sa hannu a ƙasa.