Ranar da na ga Malam Maman Barka



Tun ina yaro a Dakoro nake jin Malam Maman Barka a rediyon babana. Mutumin Tasker ne, kuma mushen lakkol. Da gurmi muka san shi.

Ban gan shi da idona ba sai da na girma, na je Yamai wani horo. Aka ce yana wasa da dare. Ko tuwo ban tsaya ci ba.

Ya fito, ya manyanta, kuma ba gurmi a hannunsa. Wani abu ya rungumo mai kama da kwalekwale, tsirkiya biyar. Gaskiya raina ya ɓaci, don waƙoƙin yarinta na zo ji. Da ya taɓa shi, sai wuri ya yi tsit, har da ni.

Sunan abin biram, na Buduma, masuntan Tabkin Cadi. A 2002 Malam ya tafi can. Ya wuce shekara 40, ga suna, amma ya zauna gaban tsoho Bukar Tar ya koya. Lokacin, tsohon kaɗai ya rage gwanin biram.

Malam ya rasu a 2018. Allah ya jiƙan shi.

Unguwarmu akwai wani tsoho mai goge, ba yaro ko ɗaya gabansa. Gobe zan je wurinsa da takarda da alƙalami.