Ƙuri'a 342

'Yan'uwana ɗalibai, musamman ku 'yan ajin ƙarshe da ke shirin barin makaranta, ina so mu yi ɗan lissafi kafin ku tafi. A zaɓen gwamnan Jihar Sakkwato na shekarar 2019, bayan an sake zaɓe a wasu rumfuna, Aminu Waziri Tambuwal ya ci da ratar ƙuri'a 342 kacal, alhali an kaɗa ƙuri'a sama da miliyan ɗaya. Ku dubi filin taronmu na safe. Ashe mutanen da ba su fi cika zaure ɗaya ba suna iya yanke wanda zai riƙe jiha shekara huɗu.

Na kawo wannan ne domin maganar da nakan ji a bakin matasa, wai "ƙuri'ata ɗaya me za ta canja?" A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. A cikin masu rajistar nan, wajen miliyan 26 ɗalibai ne. Ke nan ba ƙarancinmu ne matsala ba, zamanmu a gida ne. Wanda kuwa ya ƙi fita, ya bar wa wani ya zaɓa masa wanda zai sa hannu a kan kuɗin makarantarsa, da maganin asibitin garinsu, da hanyar ƙauyensu.

Ku 'yan mata, maganar ta fi shafarku. A zaɓen tarayya na 1959 ba a bar matan Arewa sun yi zaɓe ba. Sai a 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi, suka fara samun wannan 'yanci. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha duka da ɗauri sau da yawa a kan wannan fafutuka. Abin da wata ta shiga kurkuku dominsa, bai kamata ki yar da shi saboda zafin rana ko tsawon layi ba.

Wani zai ce, "Ai maguɗi ake yi." Ba na musu, an sha yi. Amma ina tambaya, a ina ɓarawo ya fi jin daɗin sata, a gidan da mutane ke zaune ko a kango? Doka ta ce a ƙirga ƙuri'u a rumfa a gaban jama'a, a faɗi sakamako a wurin. Idan mun fito da yawa, muka tsaya cikin natsuwa har aka gama ƙirga, mun rage wa mai maguɗi hanya.

To, me za mu yi? Duk wanda ya cika shekara 18, ya je ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukumarsu lokacin da aka buɗe rajista, ya kuma koma ya karɓi katinsa. Kyauta ne. Wanda bai kai ba, kada ya yarda a ƙara masa shekaru, domin wannan ma maguɗi ne. Kada mu sayar da ƙuri'a don taliya ko sabulu. Sabulu zai ƙare cikin mako, shugaban kuma yana nan shekara huɗu. Kada mu zama 'yan bangar kowa. Mu tambayi ɗan takara abin da ya taɓa yi wa jama'a, ba yarensa ko wurin ibadarsa ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku ƙannenmu, ku fara tun daga nan: ku shiga ƙungiyar muhawara, ku zaɓi shugabannin ƙungiyoyinku bisa cancanta ba abota ba, ku san sunan kansilan mazaɓarku. Tun 2018 doka ta rage shekarun takarar majalisar jiha da majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. Wanda ya gama makaranta yana da shekara 18, saura masa shekara bakwai ke nan.

Iyayenmu da malamanmu, muna roƙo ku riƙa tafiya rumfar zaɓe muna ganinku, gama abin da babba ya yi shi yaro ke koyi. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya da shugabanni masu gaskiya.