A Daina Jiran Babbar Kyamara

Da zarar ɗan koyo ya ce zai ɗauki fim ɗinsa na farko a kan tarihi, sai wasu 'yan'uwanmu ɗalibai su ce ya dakata sai ya sami babbar kyamara da horo. Haba jama'a! Shin tsofaffin Kurawa da Sabon Birni da Isa za su zauna jiranmu?

Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Labarin Gobir yadda Gobirawa ke ba da shi yana bakin tsofaffi da makaɗa. Ga shi 'yan bindiga sun watsa ƙauyuka da dama, wasu mutanen sun tsallaka Nijar. Makaɗin da ya rasu a gudun hijira, ai da kirarin Bawa Jan Gwarzo aka binne shi.

Majigi ya kawo wa kakanninmu Baban Larai don koyar da noma, bai tambaye su nasu labarin ba. Mu kuwa wayar aljihunmu ta isa. In hoto ya yi rawa ba komai, muddin murya ta fita. Sai dai a nemi izinin mai magana, wanda kuma ke tsoron mutanen daji su gane shi, a ɓoye fuskarsa.