Babbar Jif, Ɗan Mitsitsin Jak

Akwai wata irin rowa da ke ƙona mini rai fiye da rowar abinci. Mutum zai zuba miliyoyin naira ya sayi zungureriyar jif, ya sa mata baƙin gilashi, ya manna hoton ɗan takararsa a baya, amma in ka leƙa inda ake ajiye kayan aiki sai ka tarar da ɗan jak mai almakashi, irin wanda aka ƙera don Golf ko Corolla. A Abuja wannan abin dariya ne. Tsakanin Sabon Birni da Isa kuwa, wasa ne da rayukan mutane.

Wata rana muna dawowa daga ta'aziyya, la'asar ta yi sakaliya, muka iske irin wannan mota a gefen hanya, tayar baya ta yi faci. Direban, wani saurayi, yana durƙushe cikin rairayi yana ta murɗa jak, gumi ya jiƙe masa riga. Yana murɗawa jak yana nutsewa ƙasa, motar ko gezau. Ya samo dutse ya sa a ƙarƙashi, motar ta ɗan ɗago, sai jak ya karkace ya lanƙwashe. Mai motar yana tsaye gefe da waya a hannu yana neman sabis, mata da yara a ciki sun yi tsuru-tsuru, kowa idonsa na kan daji. Direbanmu, dattijo da ya yi ƙuruciyarsa a lori, ya sauka ya dubi abin ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga jak ba na motag ga ba ne. Ko kwana munka yi nan, ba shi ɗaga ta." Alhaji mai motar ya ce ai da shi ya saye ta. Dattijon bai ƙara magana ba, ya ɗauko nasa mai kwalba da guntun katako, kafin a jima an ɗaura safaya. Da za mu tashi sai na ji Alhaji ya rufe direban nasa da faɗa, wai ragwancinsa ne ya ja musu. Wannan faɗan shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Masu bin wannan shafi ba sai na gaya musu wace hanya ce wannan ba. Mun san abin da ya faru da matafiya a Gidan Bawa a watan Disamba na 2021, lokacin da 'yan bindiga suka ƙone su cikin mota. Mun san a kan hanyar dawowa gida daga Sakkwato aka ɗauke Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a Yulin 2024, Allah Ya jiƙansa da rahama. Duk wanda ke bin Goronyo zuwa Sabon Birni, ko ya ratsa dajin Gundumi daga Marnona zuwa Isa, ko ya nufi Shinkafi, ya san tsayawa a daji ita ce abin tsoro. Canjin taya da ya kamata a gama cikin rubu'in sa'a, in ya koma sa'a biyu, to an ba kowane mai babur da ya wuce damar kai labari.

To wane jak ya dace da babbar mota? A fara da nauyi. Prado ba tare da kaya ba ta haura tan 2. Land Cruiser mai V8 ta wuce tan 2 da rabi, in an loda mata mutane da buhuna tana haura tan 3. Ɗan jak mai almakashi na ƙananan motoci yawanci tan 1 ne zuwa 1 da rabi aka rubuta a jikinsa. Gaskiya ne kusurwa ɗaya kaɗai ake ɗagawa, amma gefen hanyoyinmu ba shimfiɗaɗɗe ba ne, kuma da zarar mota ta karkata nauyi sai ya koma ɓangaren da ya yi ƙasa, wato inda jak yake. Shi ya sa nake cewa a nemi jak mai kwalba, wanda ke aiki da mai, na tan 4 zuwa 6. Ba shi da cin wuri, kuma ko yaro zai iya buga hannunsa.

Sai dai a nan ne masu kuɗi ke sake yin kuskure: su je kasuwa su ce a ba su mafi girma. Jak na tan 20 na tirela ne, dogo ne, ba zai shiga ƙarƙashin jif ba idan taya ta sace. Tayar Prado mai lamba 265/65 R17, tsayin robarta daga bakin rim zuwa ƙasa kusan santimita 17 ne. In iska ta fita, motar za ta zauna ƙasa da fiye da santimita 10. Saboda haka ana buƙatar jak gajere da zai shiga a wannan hali, kuma mai miƙewa sosai har ya maido da wannan tsayin ya ƙara, don safaya mai cike da iska ta samu shiga. Sau da yawa za ka ga an cire tayar da ta sace lafiya lau, a zo sa safaya ta ƙi shiga, jak ya ƙure. Mai hawa biyu, ko mai kan da ake warwarewa ya ƙara tsayi, shi ne maganin wannan. A baya, a ɗora shi ƙarƙashin ƙarfen aksil kusa da tayar, domin in ka ɗaga ta jikin mota sai sifirin ya saki, mota ta yi sama taya tana nan a ƙasa. A gaba kuma a bi wurin da littafin motar ya nuna. Kada a kuskura a sa shi a matakalar gefe ko bamba.

Jak mai tayoyi na garejin makanikai, siminti yake so. A rairayinmu nutsewa zai yi. Dogon jak ɗin nan da 'yan gayu ke ɗaurawa a bayan Hilux don ado, yana buƙatar bamba ta ƙarfe, kuma hannunsa in ya kuɓuce yana iya fasa haɓar mutum. Wanda motarsa ta zo da jak ɗinta na asali mai murɗawa, ya riƙe shi da kyau, domin ba ya yoyon mai, sai dai jinkiri. Matsalar ita ce motocin da ke zuwa ta Kwatano sun ratsa hannaye da yawa, kafin su iso nan an zare na asali an jefa duk wanda aka samu.

Kuma duk tsadar jak, ba ya aiki a ƙasar Gobir sai da katako. Rani rairayi, damina taɓon fadamar Rima da Bunsuru. Katako mai kauri kamar santimita 5, faɗinsa kamar taki guda, shi zai hana jak nutsewa. Bulo ba ya maye gurbinsa, farfashewa yake ba sallama. A sa weji a tayar da ke can ɗaya kusurwar, a ja birkin hannu, a sa giya, a sauke fasinja. A sassauta notuna tun mota tana ƙasa. Kada kowa ya cusa jikinsa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ga kuma masu faci da ke ɗaure noti da bindigar iska har sai ya ƙi kwantuwa. A riƙe doguwar sifana da guntun bututu. Wanda safayarsa ke rataye a ƙarƙashin mota ya tabbata ƙarfen sauke ta yana nan, sarƙar kuma ba ta yi tsatsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: a ƙofar gida za ka sace iskar taya ɗaya, ka gwada komai da idonka.

Wani zai ce in wuri ba shi da aminci gara a ci gaba da tafiya a kan rim har gari, kuma na yarda, rim ba ta kai rai ba. Wani kuma zai ce ƙaddara ce. To, da ɗaure raƙumi aka umarce mu kafin tawakkali.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ɗora laifi a kan direba. Su waye ke da waɗannan manyan motoci a yankinmu? Ba manomin gero ba ne, ba mai tallan albasa ba. Waɗanda muka zaɓa ne, da 'yan kwangila, da masu yi musu fadanci. Na sha faɗa a wannan shafi cewa ramukan da ke yaga tayoyin nan ba daga sama suka faɗo ba. A 2021 an datse mana layukan waya, aka ce don tsaronmu ne, muka haƙura. Har yau akwai wuraren da in ka tsaya ba ka da hanyar kiran kowa. Mutumin da ya kasa gyara hanya, ya kasa tsare ta, sannan ya kasa sayen jak ɗin da kuɗinsa bai kai na cika tankin motar sau ɗaya ba, ba shi da bakin zagin ɗan talakan da ke tuƙa shi. Shi in abu ya ɓaci akwai gonaki da gidajen da za a sayar a fanso shi. Direban fa, wa zai sayar da me?

Don haka kirana ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshin Sabon Birni da Isa: yadda ba ku barin mota ta yi lodi sai ta bi layi, kada ku bar ta ta tashi sai an ga jak mai aiki, da katako, da safaya mai iska. Ku kuma direbobin gidajen manya, ku gwada jak a gaban maigida kafin tafiya. In ya ce ba zai canza ba, ku miƙa masa makullinsa cikin ladabi, ya tuƙa kansa.