Mai Ciwon Zuciya da Komawa Kan Dutsen Dala

A harshen Hausa, "ciwon zuciya" suna ne da ke ɗauke da ma'ana biyu: cutar da likita ke aunawa, da kuma baƙin cikin da ke cin rai. Wannan haɗuwar ma'ana ta yi tasiri a kan yadda ake jinya. Da zarar an sallamo dattijo daga asibiti, sai iyali su shimfiɗa masa gado, su hana shi ko zuwa masallacin unguwa, suna ganin duk wani motsi tayar da hankali ne. Wanda ya saba hawan Dala ko Goron Dutse da sassafe, sai ya wayi gari ɗakinsa ya zama kurkuku.

Likitocin Turai da Amurka ma sun taɓa riƙe wannan ra'ayi, suna kwantar da wanda zuciyarsa ta buga har tsawon makonni shida. A 1952 ne Samuel Levine da Bernard Lown suka nuna cewa zaunar da majinyaci a kujera ya fi barinsa kwance. Da shugaban Amurka Eisenhower ya kamu da ciwon a 1955, likitansa Paul Dudley White ya ƙarfafa masa gwiwa ya koma motsa jiki. Dalili a fili yake: doguwar kwanciya tana raunana tsoka, tana sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, tana kuma jefa mutum cikin damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi da aƙalla mintuna 150 na matsakaicin motsa jiki a mako.

Tsoron iyali yana da tushe. Hawan tudu ya fi tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wahalar da zuciya, zafin rana kuma yana ƙara mata nauyi. Saboda haka komawa dutse tana da sharuɗɗa: izinin likita bayan gwaji, farawa da tattaki a fili na makonni, fita kafin rana ta take, abokin tafiya, da riƙe magunguna. Wanda ya ji nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashinsa ya hana shi magana, ya tsaya nan take ya nemi likita. Sannu ba ta hana zuwa.

Lamarin ya shafi masana Hausa kai tsaye. Dala da Kufena da Kwatarkwashi wurare ne na tarihi da binciken fage, kuma waɗanda suka fi sanin labarinsu dattawa ne, waɗanda shekaru suka sa ciwon ya fi kama su. Haka kuma masana harshe ne za su iya samar da kalmomin da za su raba cutar da baƙin ciki, domin likita ya yi wa majinyaci bayani da Hausar da iyalinsa za su gane. Idan har kalma ɗaya ce ke ɗaure mutum a gado, gyaranta aikin sassan Hausa ne na jami'o'i, tare da takwarorinsu na koyon aikin likita.