Zargi Ba Kishi Ba Ne: Jan Kunne Ga Samarin Cikin Birni

Wata cuta ta shiga tsakanin samari masu neman aure a cikin birnin Kano, har da waɗanda sahun farko ba ya wuce su a masallaci. Saurayi zai je zance Yakasai ko Mandawari, ana zaune a soro, maimakon maganar sadaki da sa rana, sai ya miƙa hannu a ba shi waya ya duba wa aka kira, wa ya turo saƙo. Wani ma har ƙanen yarinya yake ba wa 'yan canji don ya riƙa kawo masa labarin duk motar da ta tsaya a bakin lungu. Wai shi a nan kishi yake yi!

Wannan ba kishi ba ne, zargi ne. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta jero abubuwa uku: mummunan zato, leƙen asiri, da giba. Haka kuwa abin yake tafiya. Daga zato sai bin diddigi, daga nan sai majalisa, inda za a baje sunan 'yar mutane a gaban abokai. A cikin birni kuwa, inda katanga ke jingine da katanga, maganar da aka yi bayan lisha kafin azahar ta kai kasuwar Kurmi. Shi gobe ya nemi wata, ita kuma ta shekara ba mai sallama a ƙofar gidansu. Suratun Nur ta ɗora wa mai jifan kamilar mace kawo shaidu 4, in ya kasa a yi masa bulala 80, a kuma daina karɓar shaidarsa.

Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya faɗo wa iyalinsa cikin dare don neman kama su da laifi. To idan an hana mijin da ya biya sadaki, ina ga saurayin da ko gaisuwar iyaye bai kai ba?

Ba a ce kada a yi bincike ba. Lokacin da Fatima bint Ƙais ta nemi shawara kan Mu'awiya da Abu Jahm, Manzo (SAW) ya gaya mata aibin kowannensu. Amma bincike yana da ƙofa: manya ne ke tambayar liman, mai unguwa, maƙwabta da malaman Islamiyyar yarinya, sau ɗaya, a rufe. Ko shakkar lafiya an yi mata hanya, tunda a 2024 Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure. Kuma yadda ake bincikar ta, haka shi ma za a bincike shi, musamman da yake mai yawan duba wayar budurwa sau da yawa tasa ba ta dubuwa.

Wanda aka yi masa bincike aka ce ba komai, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya yi istihara, ya tambaye ta abin da ke damunsa baki da baki. In har yanzu bai natsu ba, ya tura magabatansa su janye cikin mutunci tun kafin a kai lefe, ya kuma kame bakinsa. In ya cije aka ɗaura da zargin a ransa, ba wuya a wayi gari waliyyan nan biyu suna zaman jiran layi a ofishin Hisbah na Sharaɗa.