INA AKA KAI BAKIN TEKUN TALAKAWAN IKKO?

Duk ɗan Arewan da ya zauna a Ikko kafin shekarar 2000 ya san abin da ake nufi idan aka ce Bar Beach ranar Salla. Da an sauko daga Idi an ci abinci, sai jama'a su yi ta kwararowa daga Obalende da Idi-Araba da Agege, maza da mata da yara cikin sababbin tufafi, kowa ya nufi bakin teku. Ga masu dawaki suna ɗora yara, ga masu tsire, ga masu hoto, can gefe kuma ga masu fararen riguna na cocin Aladura suna addu'o'insu, ba mai tsare wa wani hanya. Mai gadi da attajirin da yake yi wa gadi yashi ɗaya suke takawa. Yau wannan wuri babu shi, muna kuwa so a gaya mana abin da aka ba talaka a madadinsa.

Ba mu musun cewa teku ta yi ɓarna. Tun wajen 1908 Turawan mulkin mallaka suka soma gina katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa ta Ikko domin manyan jirage su riƙa shiga. Igiyar ruwa a wannan gaɓa daga yamma take kwaso yashi ta kai gabas, katangun nan suka tare shi, watau Tsibirin Biktoriya ya daina samun sabon yashi alhali ruwa bai daina kwashe tsohon ba. Gwamnatoci suka yi ta zuba yashi da kuɗin jama'a, ruwa yana lashewa, har a farkon shekarun 2000 teku ta riƙa haurowa kan titin Ahmadu Bello, inda ofisoshin jihohi da dama suke. Tare teku ya zama wajibi, wanda ya ce ba haka ba bai ga ambaliyar da idonsa ba.

To, amma da aka tare ta, wa ya ci riba? Daga 2008 kamfanin South Energyx ya shiga cike gurbin da yashi, aka sa wa sabuwar ƙasar suna Eko Atlantic. Bisa tsarin da masu aikin suka bayyana, fili ne mai murabba'in kilomita 10, da katangar duwatsu mai tsawon kilomita 8 da rabi, da gidajen mutum 250,000. A watan Fabrairu na 2013 Shugaba Jonathan da Gwamna Fashola da Bill Clinton na Amurka suka taru aka yi biki a wurin. Masu aikin da bakinsu suke cewa ƙasar da teku ta cinye ce aka dawo da ita. Madalla! Ƙasar da teku ta cinye kuwa ta jama'a ce, kuma a al'adar da muka sani, idan aka kama ɓarawo da kaya, mai kaya ake mayar wa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ce amana ce ƙasa a hannun Gwamna domin amfanin dukan 'yan Nijeriya. Wace irin amana ce wannan, wadda mai ita ba ya taka ta sai ranar gudun fanfalaki na shekara-shekara, da ake ƙarewa a can tun 2016?

Da a ce wannan ne kaɗai, da mun ce tsautsayi ne. A watan Yuli na 1990 gwamnatin Raji Rasaki ta rushe Maroko, mutum wajen 300,000 suka wayi gari ba matsuguni, filin ya koma unguwar masu hali. A watan Agusta na 2012 ambaliya ta ci rayuka a Kuramo, aka kori waɗanda suka tsira. A watan Janairu na 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay da hujjar fasa bututun mai. A 2024 katafila ta hau bakin tekun Landmark saboda titin Ikko zuwa Kalaba, wannan karon har masu kuɗin ma sun ɗanɗana. Wuraren da suka rage kusa da gari, irin su Elegushi, sai ka biya kuɗin ƙofa. Magidanci mai 'ya'ya biyar da yake tura kurar ruwa, ya biya kuɗin mota daga Agege, ya biya na ƙofa kai bakwai, me zai kai gida?

Wani zai ce ai shan iska ba abinci ba ne. Mai faɗin haka bai taɓa kwana a ɗakin haya da mutum takwas ba. Ɗan'uwanmu mai gadi yana wuni yana kwana bisa benci, ɗan canji da mai shago haka, sa'an nan a yi mamakin yadda hawan jini da ciwon sukari suke kama mutane. Likita ya ce a riƙa tafiya da ƙafa, a ina? A gefen titin da motoci suke tura wa mutum hayaƙi? Yaran da a gida suke da dandali da filin langa, a nan cikin kwata suke buga ƙwallo.

Ana kuma cewa tsohon Bar Beach ya cika da ƙazanta da 'yan iska, har ana tuna mana cewa a can aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a, kamar Oyenusi a 1971. Gaskiya ne, amma wa ya kafa turakun harbin? Wa ya ƙi gina makewayi, ya ƙi sa 'yan sanda? A birnin Durban na Afirka ta Kudu, inda launin fata ya hana baƙar fata shiga wasu gaɓoɓin teku har zuwa 1989, hukumar gari ta gyara bakin tekun kafin gasar ƙwallon duniya ta 2010, ta shimfiɗa doguwar hanyar ƙafa da keke, ta sa masu ceto, kowa yana shiga kyauta. Su sun cire shingen launi, mu nan mun kafa na aljihu. A Dakar kuwa kowace yamma samari ne cike da bakin teku suna gudu, 'yan kokawa suna motsa jiki cikin yashi.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Ikko da ta ware wa jama'a gaɓa guda mai faɗi kusa da gari, a rubuta cikin doka cewa ba kuɗin ƙofa, ba kuma mai ikon sayar da ita. A dasa kwakwa saboda inuwa, a ja famfo, a gina makewayi na maza daban na mata daban, a sa fitilu da gwanayen iyo masu albashi, domin ruwan Ikko yana da ja, ɗan Arewa kuwa galibi bai iya iyo ba. A fitar da filin ƙwallo da na kokawa da dambe, da gefen da mata da tsofaffi za su zauna ba tsangwama, motar haya ta riƙa kaiwa har bakin wurin. Masu tsire da masu dawaki a yi musu rajista a ba su rumfuna, su kuma su ɗauki nauyin share wurinsu, gama kashin doki a inda yara suke wasa ba abin da za mu kare ba ne.

Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da shugabannin kasuwar Mil 12 suna ganin Gwamna duk lokacin da zaɓe ya gabato. Wannan karon su shiga da takarda a hannu, su haɗa kai da masunta da sauran talakawan gari waɗanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya, su tambaye shi wace gaɓa ce za a ware, kuma a wace shekara.